Dashen lalle na masu leda a Marwa da Garwa: wanne za ka ɗauka, wanne za ka bar musu

Duk wanda ya bi gefen mayo, wato rafi, a Marwa, ko hanyoyin da ke gangarawa Binuwai a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san masu dashe: jerin baƙaƙen ledoji a inuwar darbejiya, duro na ruwa a gefe, da yaro riƙe da butar bayi. Mangwaro da gwaba da lemo su ne kan gaba a cinikinsu. Lalle yana can ƙurya, sau da yawa sai ka tambaya a nuna maka, wani ma sai ka ce masa nalle yadda Fulani ke faɗi kafin ya gane abin da kake nema. A kan wannan hajar kaɗai za mu yi magana: dashen lallen da suke sayarwa, da shawarar da suke haɗa ka da ita, da abin da ganyen ke bayarwa idan an kwatanta shi da garin da ake aunawa a kasuwa.

Dashen yana kamawa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma lalle itace ne da ƙasar nan ta karɓa. Sai dai mai dashe yana rainon lalle ne a matsayin shinge, mai saye kuwa ganye yake nema, ganyen da zai kama hannu da ƙafa. Buƙatu biyu ne daban, kuma kusan duk asarar da ake yi daga nan take tasowa.

A fara da tabbatar da cewa lallen ne. Ba a rubuta suna a leda, kuma akwai itatuwan shinge masu ƙananan ganye da ake jerawa kusa da shi, waɗanda suna ƙanana sukan ruɗi mutum. Kama sabon reshe ka murza tsakanin yatsu: na lalle kusurwa huɗu gare shi, ba mulmulalle ba ne, kuma bakin tohon yakan ɗan yi ja. Ganyen biyu-biyu yake fitowa, suna fuskantar juna, kusan manne da reshe, tsawonsa daga santimita 2 zuwa 4, mai tsini a baki. Idan akwai babba a wurin, za ka ga furanni ƙanana a tare kamar zangarniya, farare ko masu ɗan ja, kowanne da kunne huɗu, ƙamshinsu ya fi tashi da yamma. 'Ya'yan kuma kamar ƙwayar masoro, a cike da iri. Tsohon reshe yakan rikiɗe bakinsa ya zama ƙaya, shi ya sa yake yin shinge mai kyau. Idan aka bar shi bai ga wuƙa ba yakan kai mita 5 ko 6.

Gwajin da ya fi duka shi ne na launi, kuma kyauta ne. Tsinki ganye biyar ko shida daga saman reshe, ka murje su da ɗigon ruwa a tafin hannu, ka dunƙule ka ci gaba da cinikinka. Bayan rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya, wurin zai yi ruwan lemo. Sinadarin da ke yin wannan aiki, wanda masana ke kira lawson, bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na busasshen ganye ba, kuma ya fi taruwa a sabon ganye. Yana manne wa keratin, wato abin da aka gina farce da gashi da saman fata da shi. Ba kowane gindi ke da shi daidai da ɗan'uwansa ba. Mai dashen kirki ba ya hana ka wannan gwaji. Wanda ya ɗaure fuska saboda ganye shida, gaba akwai wani.

Tambaya ta biyu da za ka yi: “Malam, wannan daga iri ne ko daga reshe?” Da yawa za su amsa maka da abin da suka ga kana son ji, don haka ka duba da kanka. Na reshe yana da tsohon kara mai yankakken kai, toho yana fitowa daga gefensa. Na iri kara ɗaya ne siriri da ya miƙe daga ƙasa, sau da yawa uku ko huɗu a leda guda, domin irin ƙanana ne, barbaɗa shi ake yi. Kowanne da amfaninsa. Na iri yana sakin saiwa mai nisa, ya fi jure fari idan ya girma, amma launinsa sa'a ce: uwa mai kamawa tana iya haifar ɗa mai raunin launi. Na reshe kuwa uwarsa ce sak, abin da ta bayar shi zai bayar, sai dai saiwarsa ta fi zama a sama, yana buƙatar kulawa a rani na farko. Mai son shinge ya ɗauki na iri. Mai son ƙunshi ya ɗauki na reshe, amma sai ya ga uwar ko ya gwada ganyen.

Idan ka sayi ledar da ke da tsiro huɗu, kada ka yi murnar ka ci riba. Cire uku ka bar mai ƙarfin. Yanke su za ka yi daga gindi da reza, ba tumɓukewa ba, don saiwoyinsu a sarƙe suke.

Yanzu ɗaga ledar. A nan ne akasarin masu dashen gefen hanya suke faɗuwa, kuma ba mugunta ba ce, rashin kasuwa ne. Ba a sayen lalle da sauri kamar mangwaro, sai leda ta yi wata takwas ko shekara a wuri ɗaya. Abu biyu ke faruwa. Ko dai saiwar ta huda ledar ta shiga ƙasa, ranar da ka saya a fizge ta ta tsinke, ka kai gida ka ga ya yi yaushi cikin kwana biyu. Ko kuma ta rasa mafita ta nannaɗe a gindin leda kamar gammo. Mai gammon nan ya fi haɗari, domin a ido lafiyarsa ƙalau, yana iya shekara biyu a gidanka bai ƙaru ba, ko iskar farkon damina ta kwantar da shi. Dashen da ya dace tsawonsa santimita 25 zuwa 40, karansa ya kusa kaurin fensir, ganye tun daga ƙasa, ledar ta ɗagu ba tare da ƙara ba. Dogo mai mita ɗaya a ƙaramar leda shi ne mai dashe zai fara miƙo maka, shi ne kuma mafi tsada, kuma shi ne ya fi cancantar a bar masa abinsa.

Matsa ledar da hannu ka ji ƙasar. Wasu da laka zalla suke cikawa, ta bakin mayo, saboda tana riƙe ruwa ta rage musu wahalar bayi. Idan ta bushe sai ta zama tubali ta tsage, ta yanke ƙananan saiwoyi. Haɗin da ya dace kashi biyu ƙasar jigawa mai rairayi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya ƙasar gona. Idan ka matsa ta ɗan nutsa ta dawo, kuma ruwa ya wuce ta hudojin ƙasa cikin minti ɗaya ko biyu.

Abin yabo gare su yana da yawa, kada a yi musu rashin adalci. Suna nan kullum, har ranar kasuwa. Sun iya hannu da tsiro, da wuya ka ga dashe mai cuta a wurinsu, domin lalle ba mai yawan laulayi ba ne. Idan ka sayi da yawa akwai ragi, kuma za su nemo maka mai amalanke ko mai mashin. A nan ma da gyara: leda ashirin a bayan mashin cikin rana tsaka, iska tana dukan ganyen, rabin wahalar dashen ke nan. A jera su a kwali, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ɗauka da safe ko bayan la'asar.

Shawarar da suke bayarwa ita ce ba mu yarda da ita ba. “A ba shi ruwa safe da yamma, Hajiya, a zuba taki sosai, a sa shi a inuwa.” Wannan tarbiyyar mangwaro ce. Lalle ɗan rana ne. Ƙasashen da suka yi suna da shi, irin su yankin Sojat a Rajastan ta Indiya, da Sudan, da kudancin Maroko, duk masu zafi ne da ƙarancin ruwa, kuma launin ya fi ƙarfi a ganyen da ya fito cikin zafi na digiri 35 zuwa sama. Gindin da ke shan ruwa kullum a inuwar katanga zai yi ganye fala-fala, kore shar, ya burge baƙo, amma a hannu sai ya yi fari-fari. Taki mai yawa, musamman na zamani, haka yake yi: ganye da yawa, launi kaɗan. Marwa da ruwanta na shekara wajen milimita 800, da Garwa mai wajen 1,000, da Kuseri da Injamena da ba su kai Marwa ba, duk sun ishe shi. Can Ngaundere, kan tudu mai sanyi da ruwa mai yawa, zai rayu, amma kada a sa ran ya kama kamar na arewa.

Duk da haka kada ka ɗauko shi daga inuwar darbejiya ka dasa a rana kai tsaye. Ganyen da ya saba da inuwa yana ƙonewa. Ba shi mako guda: kwana biyu ranar safe kawai, kwana biyu har azahar, sannan yini cur, yana cikin ledarsa.

Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, wato wajen Yuni a Marwa, Yuli a Kuseri, Garwa kuwa tun ƙarshen Mayu. Wanda ya dasa a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya ɗaura wa kansa aikin jigilar ruwa, kuma duk da haka zai yi asarar wasu. Rami santimita 40 faɗi, 40 zurfi. Ƙasar da aka haƙo a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin shanu kwano ɗaya, ba ɗanye ba, ɗanyen yana ƙona saiwa yana kiran gara. Tazara ta danganta da nufi: shinge santimita 40 zuwa 50, na yankan ganye santimita 60 tsakanin gindi da gindi da mita ɗaya tsakanin layi, wanda za a bari ya zama itace don fure kuwa mita biyu daga komai. A yanke gindin ledar da reza kamar kaurin yatsa, wannan yankan yana tafiya da saiwar da ta fara nannaɗewa, sannan a tsaga gefe a zare ledar gaba ɗaya. Har yanzu akwai masu binne dashe da ledarsa suna cewa za ta ruɓe. Ba ta ruɓewa. A zaunar da shi daidai zurfin da yake a leda, a danne ƙasa da ƙafa, a yi masa ɗan kwari a zagaye, a zuba lita biyar.

Irin ƙasar gidan ma abin dubawa ne. A jigawa babu magana. A baƙar laka ta karal, inda ake dasa masakwa, ruwa yana kwanciya a Agusta, saiwar lalle kuwa ba ta son zama cikin ruwa kwana da kwanaki: ganye ya yi rawaya daga ƙasa ya zube, gindin ya yi baƙi. A irin wannan wuri a tayar da kunya mai tsayin santimita 25 zuwa 30 a dasa a kanta. A fako mai tauri, wanda a nan ake ce wa harde, ramin yakan zama kamar tukunya ya tara ruwa, sai an faɗaɗa shi an fasa gindinsa da diga an cika da rairayi da taki.

Bayi: kullum sau ɗaya a mako biyun farko idan ba a yi ruwan sama ba, sannan sau biyu a mako, a rani na farko sau ɗaya a mako amma a ƙoshe. Daga shekara ta biyu, bokiti ɗaya duk kwana goma ya isa ya riƙe ganye. Idan ba a ba shi ba ma ba zai mutu ba, zai zubar da ganye a hunturu ya tsaya kamar busasshe, ya farfaɗo da ruwan farko. Mutane da yawa a nan suke tumɓuke shi suna zagin mai dashe. Kankare bawon da farce tukuna, idan ciki kore ne yana da rai.

Abokan gabansa uku ne. Akuya ba ta ƙyale sabon toho, sai an kewaye da ƙaya ko waya har ya yi tauri. Gara tana bin busasshiyar ciyawar da aka rufe gindi da ita, don haka a bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da karan, a barbaɗa toka. Sai ƙananan ƙwarin da ke tsotse sabon ganye ya nannaɗe ya yi danƙo. Maganinsu 'ya'yan darbejiya: a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Wani mai dashen zai nuna maka ragowar maganin feshin auduga a kwalbar da ba ta da rubutu. Kada ka karɓa. Ganyen nan a fatar mutum zai kwana, wani lokaci a fatar amarya tun daga hannu har ƙafa.

Abin da babu mai dashen da zai koya maka shi ne aski, kuma shi ne sirrin ganye. Da dashen ya kai santimita 50, a tsinke kansa, ya yi rassa. Shekarar farko a yi haƙuri, tsinka kaɗan kawai. Daga ta biyu a riƙa datse shi gaba ɗaya, taƙi ɗaya daga ƙasa, wato santimita 15 zuwa 20, da wuƙa mai kaifi, yanka a karkace don kada ruwa ya zauna a kan kututturen. Zai fito da sabbin rassa da yawa, miƙaƙƙu, marasa ƙaya, cike da sabon ganye. Wanda ya ji tausayinsa ya bar shi ya yi tsawo, itace da ƙaya zai tara, ganyen ya ƙanƙance ya koma can sama. Lokacin yanka shi ne da zarar ya fara nuna fure, kafin ganyen ƙasa ya soma rawaya. Ba tare da bayi ba, yanka ɗaya ne mai kyau, wajen Oktoba da ɗaukewar ruwa. Da bayi ana samun biyu ko uku, kuma na bazara, wanda ya sha zafin Afrilu da Mayu, shi ya fi kamawa. Gindin da ake yi wa haka yana fin shekara goma yana bayarwa. A bar gindi ɗaya kusa da inda ake shimfiɗa tabarma da dare kada a taɓa shi, don furen. Ƙamshinsa kaɗai ya biya kuɗin ledar.

Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke wucewa, a kan tabarma ko zani, ba a ƙasa ba. Rana tana kashe launi, ganyen ya koma ruwan ƙasa. A rani kwana uku zuwa biyar ya isa. Idan ya bushe a kakkaɓe rassan da sanda, ganyen ya zube, a tsince itatuwa da 'ya'ya. Fiye da rabin nauyin yana tafiya a shanya, don haka gindi biyu ba za su riƙe gida mai mata da yawa ba, a yi lissafin goma zuwa sama. A ajiye shi ganye, cikin buhu ko tukunya mai murfi, a riƙa daka na buƙata, domin gari ya fi saurin sanyi. Turmi ya fi injin unguwa, wanda ba ka san ko barkono ya gama niƙawa ba. A tankaɗe sau biyu, na farko da rariya, na biyu da tsohon mayafi mai laushi da aka ɗaure a bakin kwano. Mai ƙunshin gargajiya, na zunguru ko na leda, ko mai yanka salatif, tankaɗe ɗaya ya ishe ta. Mai zane da ƙaramin ƙoƙon leda dole ta yi na biyun, in ba haka ba zaren ganye ya toshe bakin tana tsakiyar fure.

A nan ne ake ganin ribar dashen, idan aka ajiye wannan gari kusa da na kasuwa. Na kasuwa akwai mai kyau, ba a musu, musamman na fakiti da ke shigowa ta Cadi daga Sudan, da na Indiya, waɗanda laushinsu ya fi abin da turmi zai iya. Amma ba ka san shekararsa ba, kuma na awo a buɗe yake yini a rana. Ana kuma cuɗa shi: rairayi don nauyi, garin wani ganye don yawa, koren rini don ya yi kama da sabo. Zuba cokali ɗaya a kofin gilashi na ruwa ka motsa, rairayi zai kwanta a gindi cikin minti ɗaya. Barbaɗa kaɗan a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda, idan ɗigo-ɗigon kore mai haske ya bazu, rini ne. Garin kirki korensa ba ya ƙyalli, ya fi kusa da na busasshiyar kuka, ƙamshinsa kamar na harawa.

Kwaɓi yana da ƙa'ida, kuma da yawan abin da ake ɗora wa lalle laifin mai kwaɓi ne. Ga gari giram 100, ruwa wajen kofi ɗaya na rubu'in lita, a zuba kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin kindirmo. A cikin ruwan a matse lemon tsami biyu ko uku, ko a yi amfani da jiƙon tsamiya da aka tace. Tsamin yana taimaka wa sinadarin ya fito daga ganye ya tsaya a yanayin da zai shiga fata. Sukari cokali biyu yana sa ya manne, ya hana shi tsagewa ya zube, abin da iskar hunturu ke yi wa kwaɓi cikin minti ashirin. Tafasasshen ruwa kuskure ne, yana fitar da launin nan take ya ƙare kafin a gama shafawa. A rufe kwanon da leda a bari ya tsumu: a zafin Afrilu sa'a biyu zuwa huɗu, a sanyin Janairu sai ya kwana. Alamar ya nuna ita ce saman ya yi duhu, ƙarƙashin yana kore, kuma idan aka ɗiga a tafin hannu aka goge bayan minti biyar wurin ya yi ruwan lemo. Wanda ya wuce lokacinsa, ya yini biyu a zafi, ya mutu, ko an kwana da shi ba zai kama ba.

A hannu ya yi sa'a huɗu zuwa shida, ko ya kwana. A kankare shi, kada a wanke, a shafa mai, a nisanci ruwa da sabulu yini guda. Ranar farko ja ne mai haske, wasu sukan yi fushi a nan su ce bai kama ba. Iska ce ke ƙarasa aikin, cikin kwana biyu zai yi duhu ya zauna. Shi ya sa ƙunshin Sallah da na biki kwana biyu kafin rana ake yi. Tafi da ƙasan ƙafa sun fi kamawa saboda kaurin fata, bayan hannu da damtse ba sa kai su, kuma wannan ba laifin ganye ba ne. A fata yana mako ɗaya zuwa uku, a farce sai farcen ya fito ya ƙare, wata huɗu zuwa shida. Dattawa masu rina gemu da masu sa wa gashi su sani cewa a gashi ba ya fita, sai dai a aske.

Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi. Iyakarsa ja mai duhu kamar goro. Hanyar da aka saba duhunta shi ita ce gishirin lalle da toka bayan an kankare, kuma ko shi yana cin fata idan ya daɗe ko akwai tsaga a ƙafa. Wanda ake kira baƙin lalle ko dayis, mai kamawa cikin minti ashirin, rinin gashi ne mai sinadarin PPD. Wata za ta yi shi sau goma lafiya, a na sha ɗaya zanen ya tashi ya yi ƙuraje da ruwa bayan kwana uku zuwa mako biyu, ya bar tabo daidai siffar furen, kuma daga ranar jikinta ba zai sake karɓar baƙin rinin gashi ba. Shansa guba ne mai kisa, a ɓoye shi daga yara. Shi kansa jan lallen ba a shafa wa jariri. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, abin da ya yawaita a Afirka kuma ya fi bayyana ga maza, kuma lalle a jikin irinsu yana farfasa ƙwayoyin jini: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, yaro ya yi laushi. Wanda ya ga haka bayan an shafa wa yaro lalle don zazzaɓi ko ƙuraje, asibiti zai nufa a ranar.

Hanyar da ta fi kowace cin moriyar masu dashe ita ce ka ba su aiki maimakon ka sayi abin da ka tarar. Nemi gidan da aka san lallensu yana kamawa, kowace unguwa mata sun san shi, ka roƙi rassa. A yanko masu kaurin fensir, waɗanda suka fara tauri amma ba su tsufa ba, tsawon santimita 20 zuwa 25, kowanne da gaɓa uku ko huɗu, a zage ganyen ƙasa, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma a kai a ranar. Ka gaya wa mai dashen haɗin ƙasar da kake so, a soke rabin kowane reshe a leda, kai sama yadda yake a jikin uwarsa, a ajiye a inuwa. Saiwa tana fitowa cikin mako huɗu zuwa shida. Ba duka ke kamawa ba, mai son ashirin ya kai talatin. Ku yi sharaɗi tun farko cewa na raye za ka biya, kuma a riƙa ɗaga ledojin duk mako biyu don kada saiwa ta shiga ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai son dasawa a Yuni ya kai rassansa a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ya bar kafin alƙalami, ya kuma ɗaura wa ledojinsa jan zare, don kada wani ya zo a Mayu ya ga sun yi kyau a sayar masa.